Gyaran tsohon lofen biraya, daga ƙanzo zuwa tabon haƙori

Lofen da zan yi bayani a kansa tsoho ne mai lanƙwasa, wanda wani ya sha shekaru kafin ya zo hannuna. Tambarin maƙerinsa ya goge sai ɗan alama. Ƙanzo ya cika ramin tabar har ɗan yatsa ba ya shiga, leɓen ƙoƙon ya yi baƙi, akwai lotsawa biyu a gefe da siririyar tsaga a wuya, wato sashen katakon da bututu ke shiga. Bututun bakin kuwa ya tashi daga baƙi ya koma kore-kore, ga sawun haƙori sama da ƙasa, kuma ya maƙale a wuyan ya ƙi juyawa. Duk waɗannan ƙananan lahani ne da ake gyarawa a kan tebur, in dai an bi su a jere kuma an riƙa cire abu kaɗan-kaɗan. Abin da samfefa ta ci ba ya dawowa, shi ya sa a kowane mataki nake fara gwada hanyar da ba ta rage jikin lofen, sai ta gaza nake ɗaukar mai ci.

Sai an san da me aka yi lofe kafin a taɓa shi. Mafi yawan na katako ana sassaƙa su ne daga biraya, wato ƙullun da ke fitowa tsakanin saiwa da gindin wata bishiya mai suna Erica arborea, wadda ke tsirowa a ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Italiya, Girka, Aljeriya da tsibirin Korsika. Ana dafa guntayen a ruwa na tsawon sa'o'i don a fitar da ruwan itacen, a shanya su watanni ko shekaru, sannan a sassaƙa. Garin Saint-Claude na Faransa shi ya yi suna da wannan sana'a tun tsakiyar ƙarni na 19. Biraya na jure wuta, yana kuma shan danshi, amma itace ne dai: yana kumbura, yana tsukewa, yana tsagewa. Bututun baki kuma iri biyu ne aka fi gani. Akwai ebonait, roba ce da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta ƙanƙare, tana da daɗin cizo amma rana da yawu na sauya mata launi. Akwai akirilik, wanda ba ya sauya launi amma ya fi tauri a haƙori. Na murza bututun da babban yatsa har ya ɗan yi ɗumi, na sunsuna, sai warin ƙonanniyar roba ya taso. Ebonait ne ke nan. Duk abin da ke biye na biraya da ebonait ne. Farin lofen mirsham da ake haƙo dutsensa a Eskişehir ta Turkiyya, da na totuwar masara da ake yi a jihar Missouri ta Amurka, ba sa ɗaukar yawancin waɗannan hanyoyi, musamman jiƙa su da sifirit.

Aikin farko raba bututu da ƙoƙo. A nan ake karya lofe da yawa, domin ɗan harshen bututun da ke shiga ramin wuya siriri ne, wuyan kuma bangonsa bai wuce 'yan milimita ba. Danƙon taba da ya bushe a ramin shi ke riƙe harshen. Ban ja ba, ban kuma girgiza shi hagu da dama ba. Na sa lofen a leda na jefa firiza kamar rabin sa'a. Roba da itace ba sa tsukewa daidai da juna a sanyi, wannan ɗan bambancin ya isa ya fasa danƙon. Da na fito da shi, na kama wuyan kusa da mahaɗa da hannu ɗaya, na kama bututun shi ma kusa da mahaɗa, na juya ta ɓangare ɗaya ina ɗan ja, sai ya saki. Wanda ya riƙe ƙoƙo da hannu ɗaya da ƙarshen bututu da ɗaya hannun ya ba kansa ƙarfin da ya fi ƙarfin harshen, ƙas zai ji. In sanyi bai yi aiki ba, ana ɗiga sifirit kaɗan ta cikin ƙoƙo a karkata shi ya gangara mahaɗar, a bar shi ya narkar da danƙon, a sake gwadawa.

Sai ƙanzo. Shi wannan baƙin gawayi da ke taruwa a bangon ramin taba yana da amfani, domin yana kare itacen daga wuta. Kaurin da ake so milimita 1 ne zuwa 1.5. In ya wuce haka ya zama matsala: yana buɗewa da zafi ba daidai da birayan ba, yana tura bangon daga ciki har ƙoƙon ya tsage. A lofen da mutum ke sha kullum rage shi kawai ake yi. A tsohon lofen wani kuwa nakan kankare shi kusan har itace, saboda ba a ganin lafiyar bango sai an cire, kuma ɗanɗanon tabar mai shi na farko a ciki yake zaune. Akwai makankari na musamman mai kawuna girma-girma, ana farawa da ƙaramin a juya a hankali, a ƙara girma. Ba da shi na gama ba. Da ƙanzon ya rage, na naɗe samfefa mai lamba 220 (iya girman lamba, iya laushin samfefa) a jikin sanda mai kaurin yatsa na riƙa juyawa a ciki, domin ita ba ta gutsure ƙanzo ɓalli-ɓalli. Wuƙa mai tsini ba ta da wurin zama a wannan aiki. Tsininta na haƙa gindin ramin ya koma ƙasa da ƙofar iska, wato ɗan ramin da hayaƙi ke bi zuwa wuya, kaifinta kuma na cin leɓen ciki ya bar ramin ba zagaye ba. In dole sai wuƙa, a nemi mai dunƙulallen kai.

Na haska fitilar waya ciki. Bangon lafiya lau, sai wuri guda a saman ƙofar iska da ya yi 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo, ya ɗan zurma. Farkon ƙuna ke nan, kuma kusan kullum daga shan taba da sauri ne ko kunna wuta a gefe guda. Na bar shi tukuna, sai an gama wanki.

Wankin ciki ya fi kowane sashe cin lokaci, shi ne kuma wanda ake wa ha'inci. Kayan aikin su ne wayar goge lofe mai auduga, mai laushi da mai ƙaiƙayi, da tsinken auduga na goge kunne, da sifirit mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye. A duba takardar kwalbar: isofurofil ko etanol ake nema, wanda aka gauraya da metanol ko turare ba ya shiga inda hayaƙi zai bi. Mai rauni kuma ruwa ya yi masa yawa, yana jiƙa itace ya daɗe bai bushe ba. Ramin wuya shi ne matattarar dauɗa. Na fara kankare busasshen danƙon da ke ƙarshensa da bakin ƙaramar sukudireba, sannan na bi da tsinken auduga jiƙaƙƙe, ɗaya bayan ɗaya, har suka daina fitowa baƙi. Ƙofar iskar da ke tsakanin wuya da ƙoƙo ta tsuke, don haka na zura ƙarfen huda na dirila mai milimita 3.5 ina juya shi da yatsu. Yawancin lofe ƙofar iskarsu tsakanin 3.5 ne da 4. Ba a sa wannan ƙarfe a inji, domin a lofe mai lanƙwasa inji zai huda gindin ƙoƙo kafin hannu ya tsaya. Abu guda da za a kiyaye shi ne sifirit na cire rinin waje. Duk ɗigon da ya zubo a jikin ƙoƙo zai bar fari, saboda haka tsumma na kusa.

Bayan wannan, ƙoƙon na nan da warin tsohuwar taba mai turare. Hanyar da aka saba ita ce gishiri da sifirit: a toshe wuya da wayar goge lofe, a cika ramin da gishiri mai manyan ƙwayoyi har kusa da leɓe, a jingine lofen yadda wuyan zai ɗan ɗaga sama, a ɗiga sifirit da sirinji har gishirin ya jiƙe ba tare da ya yi iyo ba. Sifirit na narkar da maiƙon da itacen ya sha, yayin da yake bushewa sai ya jawo shi cikin gishirin, kashegari a tarar ya koma ruwan ƙasa. Ni na fi son auduga a madadin gishiri. Aikinsu ɗaya, amma auduga ba ta barin ƙwayar da za ta maƙale a ƙofar iska, kuma masu gyara da dama na zargin gishiri da tsaga wuyan da dama yake da rauni. Wannan lofen da ma da tsagarsa, ban ga dalilin gwada sa'a ba. Na cusa audugar, na jiƙa, na bar ta kwana, na zare, na bar lofen a buɗe kwana biyu ya sha iska.

Yanzu jikin waje. Na wanke shi da buroshin haƙori da ruwan sabulu kaɗan, yatsa na toshe da ramin, na share nan take. Baƙin da ke kan leɓe kashi biyu ne kuma dole a bambance su. Akwai danƙon taba da ya hau sama ya daskare, shi wannan tsumma mai ɗan danshi da haƙuri ke cire shi, yawu ma na narkar da shi sarai. Akwai kuma ƙunar itacen kansa, wadda ba ta goguwa. Da danƙon ya fita sai na ga mafi yawan leɓen lafiya yake, ƙuna ta tsaya a gefen baya inda ake kawo wuta, ga kuma 'yan tabo a gaba na bugun da aka riƙa yi masa a kan abu mai tauri don zubar da toka.

Lotsawar gefe tururi ke tayar da ita. Na ninka tsumman auduga na jiƙa, na ɗora a kan wurin, na gasa bakin wuƙar cin abinci a wuta na danna a kai daƙiƙa biyu zuwa uku. Za a ji cuu. Ruwan na shiga zaren itacen da ya danne ya kumbura shi. Ɗaya lotsawar ta tashi gaba ɗaya bayan maimaici, ɗayar ta tashi rabi, domin a nan zaren ya yanke ne, ba dannewa kawai ya yi ba, kuma tururi ba ya haɗa abin da ya yanke. A nisanta tururi daga tambari da lambobin da ke jikin wuya. Su ma lotsawa ce da maƙeri ya yi da gangan, tururi zai tashe su su ɓace.

Don leɓen, na shimfiɗa samfefa 220 a kan gilashi, na kifa ƙoƙon a kai ina zagayawa da shi da nauyi daidai ko'ina. Gilashin ne ke sa leɓe ya fito a miƙe. In aka riƙe samfefa a hannu sai gefe ɗaya ya fi ɗaya ci, ƙoƙon ya karkace. Bayan kowane zagaye kaɗan nakan ɗaga in duba, kuma na tsaya tun kafin duhun ƙunar ya ɓace gaba ɗaya. Bin baƙi har ƙarshensa na iya cin milimita biyu ko uku, lofen ya koma gajere ya rasa siffarsa. Ɗan duhun da ya rage rini zai rufe shi. Na bi da 400 da 600, sannan na ɗan zaftare gefen ciki da samfefa naɗe a yatsa don zagayen ya daidaita. Garin itacen da ya taru a takardar na kwashe shi a murfin kwalba, domin shi ne maganin rami.

Ragowar lotsawar nan da wani tsohon cike da ya fito fili su na cike da shi. Biraya na zuwa da 'yan ramukan yashi, masana'antu kan toshe su da wani abu mai launin hoda wanda ba ya duhu tare da itacen, shekaru na tafiya yana ƙara bayyana. Na tone shi da allura, na goge ramin da sifirit, na cusa garin biraya da tsinken sakace, na ɗiga sufa-gulu mai ruwa-ruwa a kai, na sake zuba gari. Gara a yi shi hawa-hawa ya ɗan fi jikin ƙoƙon tudu, domin yana ɗan zama in ya bushe. Kashegari na daidaita shi da ƙaramin magagari da samfefa, ina kewaye wurin da salatif don kada in ci lafiyayyen itace. Wannan ciken baƙi-baƙi yake fitowa kuma ba ya shan rini, don haka ya fi ɓuya a lofe mai duhu. Sufa-gulu na waje ne kawai. Ba ya shiga ramin taba ko kusa da inda wuta ke ci.

Tsagar wuya ta fi komai buƙatar natsuwa. Da farko sai an gano inda ta ƙare, domin ido na ganin rabinta ne kawai. Na shafa sifirit kaɗan a wurin: saman na bushewa nan da nan, tsagar kuwa na riƙe danshi ta fito kamar zare. Tsawonta bai kai santimita ɗaya ba. A daidai ƙarshenta na huda ɗan rami da ƙarfen huda mafi siranta, ƙasa da milimita ɗaya, ba tare da na fasa zuwa ciki ba. Wannan rami ke hana ta ci gaba da tafiya. Na shafa basilin a harshen bututu, na tura shi kaɗan har tsagar ta ɗan buɗe baki, na ɗiga gulu ya tsotse shi, na zare harshen nan take, na ɗaure wuyan tam da zare. Basilin ɗin don kada gulu ya kama harshen ne, in ya kama an koma baya. Bayan ya bushe na toshe ɗan ramin da garin biraya, na kuma duba cikin wuyan na kankare gulun da ya ɓullo.

Gulu kaɗai ba zai riƙe wannan wuri ba, tunda duk sanda aka sa bututu ana tura bangon waje. Sai da zobe. Ana sayar da siraran zobba na nikel ko azurfa girma-girma, maƙerin azurfa ma zai iya yi in aka ba shi awo. Zoben ya kasance ya ɗan matse, ya shiga rabi ya tsaya. Na ɗora shi, na gasa shi da iska mai zafi har ya buɗe kaɗan, na kifa wuyan a kan tsumma bisa tebur na danna a miƙe har ya zauna daidai da bakin wuyan. Da ya huce sai ya ƙanƙame itacen. Zobe kan ɗan tsuke ramin wuya, shi ya sa ban taɓa batun daidaita bututu ba sai bayan nan.

Wurin ƙunar cikin ƙoƙo na shafe shi da kwaɓin toka. Farar tokar sigar, wato naɗaɗɗen ganyen taba zalla, ita aka fi amfani da ita saboda laushinta. Na murje ta, na ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi kaurin man goge baki, na zura waya a ƙofar iska don kada ta toshe, na shafa siriri da yatsa. In ruwa ya yi yawa tana tsagewa ta zube. Tana son kwana uku ko fiye kafin ta ƙanƙare, kuma aikinta ta tsare wurin har sabon ƙanzo ya hau. Wannan na ƙunar da ba ta yi nisa ba ne. In duhu ya riga ya ɓullo a waje, wurin kuma na ƙona yatsa lokacin sha, gyaran gida ya ƙare.

Bututun ebonait shi ke ba lofe kamannin tsufa. Koren nan farar wutar da ke cikin robar ce ta taso sama saboda haske da danshi, tana da ɗaci a baki, kuma ba a wanke ta, sai dai a cire fatar da ta lalace. Ruwan zafi na ƙara ta cikin daƙiƙa, saboda haka ruwan sanyi kawai. Wasu na jiƙa bututu a bilic. Yana aiki, amma yana barin jikin da kaushi, yana kuma cin tambari in ba a rufe shi da basilin ba, sai an yi shafar samfefa mai yawa a baya. Ban bi ta nan ba.

Na fara da sawun haƙori tun kafin samfefa. Ebonait na da halin komawa siffarsa in ya ji zafi, don haka na riƙa wuce harshen wutar laita a kan wurin da sauri, gaba da baya, ba tare da tsayawa ba. Tsayawar daƙiƙa biyu ta isa ta ƙona shi ya yi ƙuraje. Ƙananan sawun suka tashi, manyan biyu suka rage zurfi. A lura, zafi mai yawa na miƙar da bututu mai lanƙwasa. In haka ta faru, a zura waya a ciki don kada hanyar iska ta rufe, a gasa, a lanƙwasa a kan abu mai zagaye, a tsoma a ruwan sanyi. Akirilik kuwa ba ya tashi da wuta, kai tsaye cikewa ake yi.

Ramukan da suka rage na kankare koren da ke cikinsu tukuna, domin in aka cike a kansa zobe mai launin ƙasa zai kewaye gyaran har abada. Na goge da sifirit, na kwaɓa sufa-gulu mai kauri da lallausan garin gawayi, na ɗora da tsinke. Da haƙorin ya fasa har cikin hanyar iska, da sai na fara zura guntun kati mai basilin a bakin don kada gulu ya cika ta. Na bar shi yini da kwana. Gaggawa a nan na sa saman ya bushe cikin na danye, magagari ya tumɓuke shi duka. Bayan ya ƙanƙare na daidaita shi, na kuma sake fito da kaifin ɗan tudun ƙarshe da haƙori ke kamawa.

Daga nan sai samfefar ruwa, irin ta masu fentin mota: 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000. Kowace lamba aikinta ta share ƙarcen wadda ta gabace ta, tsallake ɗaya na barin layuka da sai an gama gogewa suke bayyana. Ruwan zai riƙa fita ruwan ƙasa, a ci gaba da 400 da 600 har ya koma baƙi. Haske mai ƙarfi ke tona ragowar kore, musamman a lungun tudun baki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa ƙarshen bututun da ke haɗuwa da wuya alhali yana cire. Kaifin gefen na dakushewa, in aka mayar sai a ga kwari a mahaɗar, kuma ba ya gyaruwa. Na mayar da bututun jikin lofen, na naɗe zoben da wuyan da salatif, na shafa su a haɗe. Tambarin bututu, kamar farin ɗigon da kamfanin lofe na Dunhill ke sawa ko harafin P na kamfanin Peterson, ana rufe shi a kewaye shi. Ɗigon Dunhill dasa shi aka yi cikin robar, amma tambarin da aka buga da zafi ba shi da zurfi, shafa kaɗan ke share shi. Na ƙarasa da man goge baki a tsumma, sannan ɗigon farin man ma'adinai na kantin magani. Man gyaɗa da man zaitun na yin ɗoyi in sun daɗe.

Da na zo daidaita bututun sai na tarar ya ɗan yi sako-sako duk da zoben, abin da ba mamaki: danƙon da na wanke shi ke cike gibin a da, itacen kuma ya bushe da sifirit. Ba a gaggawar gyara wannan, domin sha biyu ko uku kan mayar wa wuyan danshinsa ya kama. Na goga kakin zuma a harshen, ya wadatar. In bai wadatar ba, ana ɗumama harshen ebonait har ya ɗan yi laushi, a zura santsin gindin ƙarfen huda wanda ya ɗara raminsa kaɗan, a tsoma a ruwan sanyi, a zare. Danna harshe mai zafi a kan tebur ma na kumbura shi, amma a wuri guda, kuma yakan karkace. In matsewa ya yi yawa, a goga bakin fensir a harshen. In har sai an rage, harshen ake ragewa da samfefa mai laushi, ba ramin wuya ba. Harshen da ya karye a ciki ana murɗa masa sukuru a jawo shi, amma dasa sabo aikin mai injin sassaƙa ne.

Rinin fata mai sifirit shi ke kama biraya. Na tsarma shi ya fi launin ƙoƙon haske, na shafa a leɓe da wuraren da na ci da tsinken auduga, ina ƙarawa har suka saje. Ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi ne wuya. Bayan ya bushe na goge da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani giginyar Barazil. Sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salsiyos yake narkewa, shi ya sa yake zama a jikin ƙoƙo mai ɗumi, kakin zuma kuwa tun wajen digiri 63 yake sakewa ya yi danƙo a hannu. Banish na kafintoci ba ya hawa lofe, zafi na tayar masa da ƙuraje.

Gyaran nan tsabtar lofe da ɗanɗanonsa yake gyarawa, bai rage komai daga illar taba ga baki da maƙogwaro da huhu ba.

Shan farko bayan gyara rabin ƙoƙo ne, a hankali, da ashana, har ƙanzo ya fara rufe kwaɓin tokar. Laita mai feshin wuta ita ke cin leɓe. In an gama sai a bar lofen ya huce, a motsa tokar, a rufe baki da yatsa a girgiza ta shafi bango, a zubar a tafin hannu ko a kan toshiyar kwalba mai laushi. A zura waya ta bututu har ƙoƙo, a ninka ta a share ramin. In yana ɓulɓul ana cikin sha, danshi ne ya taru, daga jiƙaƙƙiyar taba ko saurin zuƙa, waya ɗaya ta bututu ke ɗauke shi ba tare da an cire komai ba. Ba a cire bututu lofe na da zafi, domin a lokacin harshen ya yi laushi, wuyan ya kumbura, daga nan sako-sako da tsaga ke farawa. Masu matatar gawayi ta milimita 9, wadda aka fi so a Jamus, ko ta itacen balsa irin ta kamfanin lofe na Savinelli, su canza ta bayan sha kaɗan, kada su bar jiƙaƙƙiya ta kwana a ciki. Lofen Peterson mai rijiyar tara danshi a wuya shi ma sai an share rijiyar. Sannan a ba lofe hutun aƙalla yini guda kafin a sake cika shi, a jingine shi ƙoƙo a ƙasa bututu a sama, a cikin inuwa, nesa da taga.